Ranar da Aka Karanta Fom Ɗinta a Kotu

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aiki a ofishin ajiye bayanan ɗalibai na wata jami'a a kudancin London. Ofishin yana ƙasan bene, taga ɗaya gare shi mai gilashi, ɗalibai suna layi a waje, mu muna ciki. Aikin ba shi da wani kwarjini. Wanda ya yar da katinsa ya zo, wanda ke son takardar shaidar ɗalibta don ya kai wa council, wato ƙaramar hukuma, ya zo, wadda ta yi aure tana son a gyara mata suna ita ma ta zo. Kullum da sassafe nake fitowa daga Thamesmead, in hau bas, in sauka in kama jirgi. A gida Kafanchan malamar firamare ce ni. A nan na koma mai danna kwamfuta, kuma ban taɓa raina aikin ba, domin shi ya riƙe ni da 'ya'yana.

Hausa kuwa a gida nake barinta, sai ranar Lahadi in ɗauke ta zuwa coci. A wurin aiki ban taɓa jin ta ba, sai ran da na fara ganin yarinyar nan.

Ita ce ta huɗu a layi, da ɗan mayafi ruwan toka da jakar goyo, tana waya ƙasa-ƙasa. Na ji ta ce, "Umma, na ce miki zan sayo, barkono ne fa kawai." Ban san lokacin da na ɗaga kai ba. Da layi ya zo kanta ta fara yi mini bayani da Turancin 'ya'yan nan, mai gudu kamar ana kora ta. Na bari ta kai aya, sannan na ce, "To, barkonon na miya ne ko na yaji?"

Ta yi turus. Ta rufe baki da tafin hannu, ta fashe da dariya har na bayanta suka fara leƙe.

Daga ranar ta mai da ni Anti. Tana da shekara goma sha ɗaya aka kawo ta daga Kano, shi ya sa Hausarta ba ta zube ba. Mahaifinta yana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Marylebone, na ma san muryarsa tun ina gida. Ita kaɗai suka haifa, suna zaune a wani flat na gidan bene a Camberwell. Ilimin haɗa magunguna take karantawa. Ko ba ta da abin yi a ofishinmu takan biyo ta gaban tagar ta ɗaga mini hannu, wani lokacin ta turo ƙulli ta ƙasan gilashi ta ce Umma ce ta ce a ba ni dambun nama. Da Kirsimeti ta kawo mini kati, da sallah na aika musu cincin.

A shekararta ta biyu, ana saura mako uku jarrabawa, mahaifinta ya rasu. Ba ta zauna jarrabawar ba. Ta ɓace kusan wata biyu, sannan wata rana da hantsi na gan ta tsaye a gaban taga, ta rame har mayafin ya yi mata yawa.

Muna da wani fom da ake kira fom ɗin uzuri. Ɗalibin da wani abu ya hana shi jarrabawa yakan cika shi, kwamitin mutum uku ya duba, in sun gamsu a bar shi ya sake ba tare da an rage masa maki ba. Shi ta kawo. Layi biyu ta rubuta: mahaifina ya rasu, ban iya karatu ba. Na kai ta ɗan ɗakin da ke gefen ofis, wanda muke kai masu kuka, na rufe ƙofa. Na yi mata ta'aziyya. Sannan na ce mata wannan ba zai isa ba, na sha ganin kwamitin ya mayar da irinsa, musamman da ta wuce wa'adin miƙawa.

"Ki rubuta komai," na ce. "Yadda ya same ki, yadda kike ji. Kada ki ji kunya."

Ta ce, "Anti, wa zai gani?"

"Mutum uku a kwamiti, sai ni. Daga nan a rufe shi, shi ke nan."

Haka na faɗa mata, kuma har ga Allah haka na ɗauka.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta fara magana, da Hausa, ba ta kallona. Ta ce ranar da abin ya faru Umma ta fita kasuwa, daga ita sai Abba a gidan. Tana ɗakinta tana karatu, ta toshe kunnuwanta da abin jin waƙa. Da ta fito shan ruwa ta same shi kwance a ƙofar kicin, hannunsa ɗaya a miƙe wajen ɗakinta. Maƙwabciyarsu ta gaya mata daga baya cewa ta ji shi ta bango yana kiran sunanta, sau uku ko huɗu, ta ɗauka faɗa yake yi mata. Ita kuwa ta gaya wa Umma cewa laburare ta je, ta dawo ta tarar da shi haka. Maƙwabciyar ba ta jin Hausa, Umma kuma ba mai shiga mutane ba ce, sai maganar ta tsaya a nan.

"Umma ba ta sani ba," ta ce. "Kuma ba za ta taɓa sani ba. Ba na barci, Anti. In na ji jiniya jikina rawa yake. Wallahi wani lokacin ji nake kamar in bi shi."

Na riƙe hannunta. Na gaya mata abin da kowace uwa za ta gaya mata, cewa kwana ne ya ƙare. Na ba ta takarda ƙari, ta zauna ta rubuta shafi biyu da rabi da Turanci, duk abin da ta faɗa mini. Bayan ta tafi na koma kan kwamfuta. Dokar aikinmu ce, in ɗalibi ya faɗi maganar da ke nuna yana iya cutar da kansa, dole a rubuta a fayil ɗinsa, a sanar da masu ba da shawara. Na san maganar bin mamaci. Na ji ta a bakin kakata ran da aka binne kakana, kuma ta ƙara shekara ashirin a duniya tana noman citta. Amma na ji tsoro, kada in yi shiru wani abu ya faru. Sai na juya maganar zuwa Turanci kalma bayan kalma, na rubuta cewa ɗalibar ta ce tana jin kamar ta bi mahaifinta zuwa kabari. Na sa sunana a ƙasa.

Kwamiti ya amince. Ta sake jarrabawa ta ci. A hankali kumatunta suka dawo, dariyar ma ta dawo, ko da yake ba irin ta da ba.

A shekararta ta ƙarshe aka tura ta koyon aiki a babban asibitin da ke Camberwell. Wata rana da la'asar ta tashi, tana tsaye a wurin jiran bas, sai ga 'yan sanda. Wata mata suke nema da aka ce ta yi wa wani barazana da wuƙa a wani kanti, kwatancen da aka ba su baƙar mace mai mayafi da jakar goyo. Suka ce ta tsaya, ta ja da baya don tsoro, suka kayar da ita a kan daɓe, suka murɗe hannunta suka sa mata ankwa. Ƙashin wuyan hannunta na dama ya tsage. Sai bayan awa bakwai a ofishinsu suka sake ta, suka ce kuskure ne.

Ta zo wurina da hannu a ɗaure. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ce akwai wata lauya da ta ce za ta tsaya mata, za su kai ƙarar 'yan sanda, ba don komai ba sai don a rubuta a wani wuri cewa abin da aka yi mata ba daidai ba ne. Ta ce tun ranar ba ta iya tsayawa a wurin jiran bas, da ƙafa take zuwa asibiti. Na ce Allah ya ba ta sa'a. Ta gama karatu a makare da shekara guda, domin hannun bai bar ta ta yi gwajin aiki a kan lokaci ba. Bayan bikin yaye su ban sake ganinta ba.

Kusan shekara biyu bayan nan, wata Talata, shugabar ofishinmu ta kira ni. Baturiya ce mai kirki, ta kusa ritaya, kullum da kofin shayi a hannu. Ta miƙo mini wasiƙa daga ofishin lauyoyin jami'a. Lauyoyin da ke kare 'yan sanda a wata shari'ar neman diyya suna son bayanan wata tsohuwar ɗaliba. A haɗe da wasiƙar akwai takardar amincewa da ɗalibar ta sa wa hannu. Na ga sunan. Na ga sa hannun, karkatacce, kamar da hagu aka yi shi.

Takardar cewa ta yi a ba da dukkan bayanan da jami'a ke riƙe da su a kanta.

Na ce wa shugabar, ai maki da zuwa aji suke nufi, ko? Domin ita ɗalibar cewa take kamun ne ya jinkirta mata karatu. Fom ɗin uzuri kuwa tun kafin kamun aka yi shi, ba ruwansa. Shugabar ta ɗaga waya a gabana ta kira lauyan jami'a. Na ji muryarsa ta cikin wayar, saurayi ne mai saurin magana. Ya ce dukka na nufin dukka. Ya ce ita ta kai ƙara tana cewa kamun ya taɓa mata hankali, saboda haka ɗaya ɓangaren na da ikon sanin yadda hankalinta yake tun farko. Ya ce in mun cire wani abu kotu za ta iya cewa mun ɓoye shaida. Shugabar ta ajiye waya, ta kalle ni da tausayi, ta ce in ina so ta ba wani aikin. Na ce a'a, ni zan yi. Gani nake gara hannun da ya san ta ya taɓa takardun.

Kwana biyu na yi ina haɗa fayil ɗin. Takardar shigarta jami'a, hotonta tana shekara sha takwas, makinta, ranakun da ta makara, imel ɗin da ta taɓa aiko wa malaminta tana ba da haƙuri. Sannan shafi biyu da rabi na rubutun hannunta, da layukana huɗu a ƙasa. A saman kowane shafi a kwamfutar akwai lambar wayarta. Kwana biyun nan lambar tana gabana. Abin da kawai zan yi shi ne in fita waje lokacin cin abinci, in kira ta, in ce, 'yata, kin san abin da kika sa wa hannu? Fom ɗin nan yana ciki, ki gaya wa lauyarki tun wuri. An hana mu amfani da lambar ɗalibi don harkar kanmu, kuma maganar tana gaban kotu, ana iya korata a kanta. Na gaya wa kaina ai lauyarta za ta ga komai kafin ranar, za ta shirya ta. Na gaya wa kaina mutanen nan ƙwararru ne, sun fi ni sanin aikinsu. Ranar Alhamis na ɗauki hoton shafi na ƙarshe a na'ura, na tura, na je na wanke kofina.

Da bazara ta shigo aka aiko mini takarda cewa ana buƙatata a kotu, in tabbatar da cewa ni na rubuta layukan nan huɗu. Ɓangaren 'yan sanda ne suka kira ni.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, bai kai ajin firamare ba. Kafet shuɗi, tulun ruwa na roba a kan kowane tebur. An ce ina iya zama a baya har a kira ni. Yarinyar tana gaba kusa da lauyarta, da baƙar riga, ba ta waiwayo ba. A benci na biyu akwai wata mata mai lulluɓi ruwan ƙasa, da carbi naɗe a hannu. Ban taɓa ganinta ba, amma na ci dambunta shekara uku, na san ita ce.

Da aka kira yarinyar ta tashi ta yi rantsuwa. Lauyan 'yan sandan dattijo ne mai taushin murya, bai ɗaga mata harshe ko sau ɗaya ba. Ya tambaye ta game da wurin jiran bas, game da hannun, game da rashin barci. Ta amsa a natse. Sai ya ce ta buɗe babban fayil ɗin da ke gabanta, ya faɗi lambar shafi. Ya tambaye ta ko wannan rubutunta ne. Na ga wuyanta ya sandare. Ta ce nata ne.

Daga baya na ji cewa lauyarta ta ga fom ɗin tun da wuri, ta kuma gaya mata za a yi maganar rasuwar mahaifinta. Abin da lauyar ba ta sani ba shi ne akwai abin da uwar ba ta sani ba a ciki, ita kuma yarinyar ta ɗauka ambatonsa kawai za a yi a wuce. Ba wanda ya yi tunanin ce wa uwar ta jira a waje.

Ya karanta shi da ƙarfi. Ba duka ba, amma ya karanta inda ya kamata ya tsallake. Umma ta fita kasuwa. Na toshe kunnena. Ya kira ni sau huɗu ban ji ba. Na gaya wa mahaifiyata ina laburare. Yana karantawa a hankali, kamar mai karanta wa yara labari, yana ɗaga kai bayan kowane layi. Abin da yake so ya nuna ɗan kaɗan ne, cewa rashin barcin da tsoron jiniya sun riga kamun. Sauran duk hanya ce kawai ya bi ta kai.

Idona yana kan uwar. Turancinta ba mai yawa ba ne, amma ya isa. Carbin ya tsaya. Ba ta yi ƙara ba, ba ta motsa ba, sai dai ta ɗan karkata kai gefe kamar wadda ke ƙoƙarin jin ana kiranta daga nesa. Yarinyar kuwa ta ƙura wa tulun ruwa ido. Lauyarta ta miƙe ta nemi a ɗan dakata, alƙali ya ba da minti goma sha biyar. Ba wadda ta tashi a cikinsu, uwar da 'yar. Taku uku ne tsakaninsu, suka zauna minti goma sha biyar ɗin nan kowace tana kallon gabanta.

Bayan azahar aka kira ni. Na ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki. Dattijon ya karanta layukana huɗu ya ce ni na rubuta? Na ce ni ce. Ya ce abin da ta faɗa ke nan? Na ce e, amma da Hausa ta faɗa, kuma a wurinmu magana ce ta wanda aka yi wa rashi. Ya yi murmushi ya ce amma ta dame ni har na rubuta na sanar da masu ba da shawara, ko ba haka ba? Na ce haka ne. Ya ce na gode, ya zauna. Lauyarta ta tashi ta ba ni dama na yi bayani, na yi iya yina. Na ambaci kakata. Na ji muryata tana yawo a ɗakin, wata mata mai karyayyen harshe tana ba Turawa labarin gonar citta. Alƙali ya rubuta wani abu ya ce in sauka.

Hanyar komawa wurin zamana ta gaban yarinyar ta bi. Na rage tafiya. Ta ɗago ta kalle ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Kallon da ake yi wa ma'aikaciyar ofis ta yi mini, wadda aka taɓa gani a wani wuri.

Bayan wasu makonni hukunci ya fito. Alƙali ya ce kamun ya saɓa wa doka, kuma ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce kima. Ya ba ta gaskiya a kan hannun. A kan hankalinta kuwa ya ce mafi yawan ciwon ya samo asali ne daga rasuwar mahaifinta, kamar yadda bayanan jami'a suka nuna. Shugabata ta nuna mini takardar ta ce, ai ta ci shari'arta, ki kwantar da hankalinki.

Ban kwantar ba. Na yi wata huɗu ina juya abin, a bas, a coci, a gaban tukunya. Wata Asabar da safe na shirya na tafi Camberwell. Adireshin daga fayil ɗinta na kwafo shi, ran Juma'a, a bayan tikitin jirgi. Abin da na kasa yi da lambar waya lokacin da zai yi amfani, na yi shi da adireshi lokacin da ba zai yi ba.

Gidan a hawa na uku yake. Uwar ce ta buɗe. Ta gane ni nan take. Muka gaisa a tsaye, gaisuwa cikakkiya, ta tambayi yara da aiki da sanyi. Sannan ta ce, "A ina kika samu gidan?"

Ba ta jira amsata ba.

"A takardun," ta ce. Ta matsa gefe. "Shigo."

Ta kawo mini ruwa da dabino. Daga inda na zauna ina ganin ƙofar kicin, da wata ƙofa a rufe a ƙarshen ɗan lungu. Na auna tsakaninsu da ido ba da niyya ba. Na ce, Hajiya, na zo neman gafara ne, ni na sa ta rubuta, ni na ce mata ba mai gani.

Ta ce yarinyar ba ta nan. Mako biyu bayan shari'ar ta nemi aiki a wani kantin magani a arewacin Ingila ta tafi. Tana kira duk Juma'a, tana tambayar lafiya, tana tambayar ko an gyara tukunyar ɗumama gida. In uwar ta fara "game da Abbanki", sai ta ce ana jiranta.

"Likitan da ya duba shi ya gaya mini tun a ranar," ta ce. "Ya ce jijiya ce ta fashe a kansa, ko a gadon asibiti yake ba abin da za a iya. Na sani tun ranar. Ban faɗa mata ba don ban san tana buƙata ba, na ɗauka tana laburare. Da ni ta gaya wa, da kalma ɗaya ta ishe ta. Sai ta je ta gaya wa makaranta." Ta gyara lulluɓinta. "Yanzu kuma na aika mata a waya, na rubuta mata, ta ce ta gode. Ba ta yarda ba. Gani take lallashi ne."

Muka zauna, ana jin yaran maƙwabta suna gudu a kan bene.

Can ta matso bakin kujera, ta rage murya duk da mu biyu ne a gidan. Ta ce lauyan nan bai karanta duka ba, ta ga ya juya shafi ya tsallake. Ta ce, "Ke kin karanta. 'Yar'uwa, don girman Allah, me ta ce a kaina a sauran?"

Na san abin da ke sauran. Akwai layi uku a kan uwar, kuma ba mummuna ko ɗaya a ciki, ɗaya ma da ta ji shi da wataƙila ta samu barci. Na buɗe baki. Sai na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ba nawa ba ne da zan bayar. Nata ne."

Ta daɗe tana kallona. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Yanzu kika iya," ta ce.

Ba da gatse ta faɗa ba. Ta tashi ta shiga kicin, ta fito da ƙullin kuka da daddawa ta sa mini a jaka, ta rako ni har bakin bene. Ta ce in gaida yara. Ba ta ce in sake dawowa ba.

Har yau ina ofishin. Shugabar ta yi ritaya, an kawo wani. Na rubuta masa takarda na ce ya kamata a ƙara layi a saman fom ɗin uzuri, a gaya wa ɗalibi cewa wata rana kotu na iya neman abin da ya rubuta. An ce ana dubawa. Wata abokiyar aikina ta ce in aka sa wannan layin, masu tsananin buƙata su ne za su daina rubutawa, kuma ban iya ce mata ƙarya take ba.

Bara ɗiyata ta samu aiki a wani gari a arewacin Ingila, na je taya ta jera kaya. Kaina ya yi ciwo a hanya, ta tsaya a gaban wani kantin magani ta ce in shiga in sayi na ciwon kai. Ta gilashin na hango wata a bayan kanta da mayafi, ta ba ni baya, tana miƙa hannun hagu tana ɗauko kwali daga saman shiryayye. Garuruwan arewa suna da yawa, masu mayafi a kantin magani ma haka. Na tsaya a bakin ƙofar, irin mai buɗe kanta ce, har ta buɗe ta sake rufewa. Na koma mota na ce wa ɗiyata ciwon ya sauka, mu tafi.